Kwalba Mai Jan Zare

Ranar da muka tare a gidan nan, mijina Malam da kansa ya buɗe ɗakin da ke ƙarshen baranda ya ce, "Ga ɗakin ɗinkinki." Ɗaki ne mai faɗin taga, haske yana zama a cikinsa har la'asar, ga soket biyu a bango. Sai ya ce zai ɗan ajiye wata kwalba a ciki na kwana biyu kafin ya samo mata wuri. A lokacin 'yan biyunmu suna rarrafe. Kowaccensu ta girma, ta tafi gidanta, ta haifi nata, kwalbar kuwa har farkon shekarar nan ana nema mata wuri.

Ni da kekena muka ƙare a lungun da ke tsakanin firij da ƙofar banɗaki. Nan nake yanka, nan nake ɗinki, nan nake auna masu kawo mini aiki. In mace ta ɗaga hannu ina gwada mata hammata, wani a gidan ya matsu, sai mu tsaya mu ba shi hanya.

Bari in gaya muku abin da ke cikin kwalbar, don na ji bayaninsa a kan abinci, na ji shi ina wanki, na ji shi ina kwance da zazzaɓi. Wai a cikin rana ƙananan ƙwayoyin zarra ne ke gwabzawa da juna suna haɗewa saboda azabar zafi da matsi, daga nan haske da zafin da muke samu suke fitowa. Masana sun daɗe suna fama su kwaikwayi haka da injuna masu girman masana'anta. Sai wata shekara wasu masana biyu suka tara 'yan jarida suka ce su sun yi a kan tebur, ba tare da wannan azabar zafin ba: kwalba, wani ruwa da ake kira ruwa mai nauyi, siririn ƙarfe mai suna faladiyom, a jona lantarki, sai zafin da ke fitowa ya fi wutar da aka zuba. Duniya ta ɗauka. Ɗakunan bincike ko'ina suka ɗauko kwalabe. Mafi yawansu suka jira, suka jira, ba su ga komai ba, suka wanke kwalabensu suka koma aikinsu. Wasu 'yan tsiraru suka ƙi wankewa, ni kuma Allah ya haɗa ni da ɗaya daga cikinsu.

Kemistiri Malam ya koyar a kwaleji har ya yi ritaya. A cewarsa, ranar da kwalbar nan ta amsa, cokalin ruwa zai ishe ni guga har in tsufa, kuma babu gidan da zai ƙara kwana a duhu. Na tsufa, dutsen gugana har yanzu sai an kawo wuta.

Yayana kuwa fiziks ya koyar a jami'a, shi ma ya ajiye aiki. Ajinsu ɗaya da Malam tun suna samari, ta hannunsa ma Malam ya san ni, kuma Yaya yana cewa a duk gwaje-gwajen da ya yi a rayuwarsa wannan ne kaɗai yake da-na-sani a kai. Tun da matarsa ta rasu, duk Asabar yana gidanmu. Gaisuwarsa ɗaya ce, tun daga bakin ƙofa.

"Auta, kina nan da rai?"

"Ina nan, Yaya."

"To babu abin da ya haɗe."

Hujjarsa ke nan. Wai da ƙwayoyin nan suna haɗewa da gaske har su ba da zafin da Malam ke iƙirari, da sun feso wasu abubuwa da ido ba ya gani, niyutoron, masu ratsa bango, kuma da tuni an binne mu, ni da Malam da kyanwar maƙwabta. Wato lafiyata ce shaidar Yaya. Shi ya sa ko mura na yi, sai in ga Malam yana leƙo ni da wani irin fata a idonsa, yana tambaya ko gashina yana zuba.

Malam yana cewa wannan haɗewar daban ce, a cikin ƙarfen take faruwa, a hankali, ba ta feso komai. Sai Yaya ya ce, "Mai Kwalba, wuta ce ke nan da ba hayaƙi, ba toka, kuma ba ta kamawa in akwai baƙo a gida." Gaskiya kuwa zafin nan yana da kunya, sai ya zo ran Talata ya ɗauke ran Asabar. Malam ya ce ƙarfen ne ke da hali, wani yana yi, wani ba ya yi. Ya ce akwai mutane masu hankali a ƙasashe da dama da har yanzu suke ganin zafin, suna taro, sun ma sake wa abin suna, wani dogo mai gaɓoɓi. Yaya ya ce ai da ma in shago ya karye allon ƙofa ake fara canzawa. Daga nan muryoyi su hau, shinkafa ta huce, ni in kwashe kwanuka ina tsaki.

Da haka za mu yi ta tafiya har mutuwa, sai kwalbar ta kai ni maƙura. Ruwan cikinta in lantarki ya ratsa shi kumfa yake yi, kumfar kuwa iska ce mai kamawa da wuta. Wata safiya ina gwada wa matar mai kemis riga, bakina cike da fil, sai muka ji fam. Toshiyar kwalbar ta yi tsalle ta fasa ƙwan lantarki, gilashi ya watsu har ta ƙarƙashin ƙofa. Matar mai kemis ta zura da gudu da rabin riga, hannu ɗaya a ɗinke, ɗaya a fil, ba ta tsaya ba sai titi. Malam ya fito da gira ɗaya a babbake, bakinsa har kunne.

"Kin ji ƙarfinsa?" in ji shi.

Na tofar da fil ɗin. Abin da na gaya masa ba zai maimaitu ba. Ƙarshensa dai shi ne, ko ni ko kwalba a gidan nan.

Ran Asabar Yaya ya zo ya tarar ba ma magana. Ya dubi girar, ya dubi silin, ya ce iskar da ta taru ce ta kama, ko ɗan aji ɗaya ya san haka. Sannan ya gyara zama ya kawo shawara, karo na farko da na ji wani abu ya fito daga bakinsa wanda ba gori ba.

"Kwalba biyu," in ji shi. "Iri ɗaya, ƙarfe iri ɗaya, wuta iri ɗaya. Ɗaya ruwa mai nauyi, ɗaya ruwa na kowa da kowa. Kai ka ce ruwan banza ba ya yi, ko?"

"Ba ya yi, Farfesa. Ba zai taɓa yi ba."

"To kada ni ko kai mu san wacce ce wacce. Ka auna da ma'auninka, in auna da nawa. In mun yarda ɗaya ta fi zafi, sai a gaya mana abin da ke cikinta. In mai nauyi ne, zan sa sunana kusa da naka mu aika wa mujalla, a yi mana dariyar tare. In ruwan banza ne, ka kashe abin nan da hannunka, ka ba Auta ɗakinta."

Malam ya miƙa hannu tun kafin Yaya ya rufe baki.

Sai matsalar wanda zai zuba ruwan. Malam bai yarda da Yaya ba, Yaya bai yarda da Malam ba. Sai suka juyo a tare suka dube ni.

"Ita ba ta san komai a kai ba," in ji Malam, kuma wallahi yabo yake nufi.

"Kuma ba ta iya ƙarya ba," in ji Yaya. "Rashin kunya kawai ta iya."

Yaya ya ce in rubuta in ɓoye. Na ce ni da nake riƙe da awon ƙugun rabin matan unguwa a kaina, da wanda suke faɗa da na gaskiya, kwalba biyu ba za su gagare ni ba.

Haka na shiga ɗakin da aka hana ni ko shara shekara da shekaru, na turo ƙofa, manyan masana biyu suna tsaye a baranda kamar masu jiran likita. Kwalaben suna ɗaure a cikin wani baho na ruwa, kowacce da wayoyinta da ma'aunin zafinta. Malam ya riga ya haɗa mini ruwan a robobi biyu masu murfi, ya manna wa kowacce sunanta. A ido babu bambanci, ruwa dai ruwa. Na ɗaura wa kwalba ɗaya jan zare a wuya, ɗayar baƙi. Na jefa maɓalli sama, ya faɗo, na bi abin da ya ce: mai nauyi a baƙin zare, ruwan banza a ja. Na kulle robobin a akwatin yadina na rataya makullin a wuya. Da yake wutar tana cinye ruwan a hankali, sai ya zama duk bayan 'yan kwanaki in kore su waje, in shiga da sirinji in ƙara wa kowace kwalba nata.

Malam ya ja mini kunne. "Ko na roƙe ki, kada ki faɗa. Ko a fuska kada ki nuna."

Na ce kada ya damu, fuskata ta saba, duk shekarun nan a ɗaure take.

Makonnin farko babu abin da ya faru sai kumfa. Malam ya ce ƙarfen sha yake yi, sai ya ƙoshi tukuna. Ana nan, wata rana da hantsi ina kan keke, na ji ya kira ni da wata murya da rabona da ita tun muna sabon aure.

"Maman 'yan biyu, zo ki gani."

Layi biyu ne na awon zafin kwalaben a fuskar kwamfuta. Ɗaya yana kwance, ɗaya ya ɗan ɗaga kai. Wanda ya ɗaga na mai jan zare ne.

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Ina kallon layin, ina auna tagar da ido, ina lissafin labule. Na ce, "Allah ya sa alheri," na koma kan kekena ina taka shi kamar ana mini kiɗa.

Layin bai sauka ba. Kullum yana ɗan ƙara ɗagawa, kaɗan dai, amma yana nan. Ran Asabar Yaya ya sa nasa ma'aunin, ya cire, ya goge tabarau, ya sake sawa. Shi ma ya ga ja ta ɗara baƙa da ɗan kaɗan. Ranar bai yi gori ba, abinci ma rabi ya ci.

Malam kuwa ya zama wani mutum. Ya sa wa kwalbar suna 'Yar Ja, yana gaishe ta da safe kafin ya gaishe ni. Baƙar ko kallo ba ta ishe shi ba, ita da ke ɗauke da ruwan da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai. Ya fara cin abinci har da ƙari. Ya ɗauko tsohuwar kwat ɗinsa ya ce in ɗan saki cikin. Ina jin sa a banɗaki yana yi wa madubi jawabi, yana cewa "ni da abokin aikina Farfesa", yana dakatawa a yi tafi. Ni ina lunguna ina dariya ƙasa-ƙasa, ina cewa a raina ka yi ta yi.

Ranar da nake gwada masa kwat ɗin, yana tsaye hannuwa a buɗe, sai ya ce, "Ni ba suna nake nema ba. Kin san abin da nake so? In an tambayi 'yan biyu me babansu yake yi, su daina rage murya."

Ban san ya lura ba. Ni na sha gani: "Yana ɗan bincike a gida," su faɗa da sauri su canza magana. Na soke shi da fil da gangan don ya yi shiru. Daga ranar daɗin da nake ji ya tafi bai dawo ba. Tausayinsa ya kama ni, kuma na ji haushin tausayin, don ba shi na yi niyya ba.

Da na shiga ƙarin ruwa na gaba, na daɗe a ɗakin. Na tsaya a kan baƙar kwalbar na kama ƙugu.

"Ke kuma fa?" na ce mata. "Ke ce mai nauyin, ke ce 'yar gata. Mutumin nan ya ba ki shekarunsa, ya ba ki ɗakina, ya ba ki girarsa. Ki ɗan yi ɗumi mana, ko na kunya."

Ta ci gaba da kumfarta, ko a jikinta. Ni da na yi shekaru ina roƙon Allah ya raba mu da abin nan, ga ni tsaye ina lallashin kwalba. Na san babu wanda ya sani sai ni, in na ce mai nauyi ne a ja, to mai nauyi ne. Amma na san mijina. In na yi masa wannan ƙaryar, kafin azahar ya kira 'yan jarida. An taɓa yi masa dariya a wani taron masana, ya dawo ya kwana biyu bai ci abinci ba. Wannan karon a talabijin za a yi ta.

Suka tsayar da ranar da zan faɗi magana. Asabar ɗin da ke kafinta, ina kicin ina yanka albasa, Malam yana wurin 'Yar Ja, sai ga Yaya ya shigo ya jingina da ƙofa. Rabon Yaya da shiga kicin tun muna gidan iyayenmu, a lokacin ma satar nama ke kai shi.

"Ruwan banza ne a jar, ko?"

"Ban ce ba."

"Ba sai kin ce ba. Tun kina ƙarama, in kina ɓoye abu kirki kike yi. Yau sau biyu na ji kin ce masa sannu."

Na ci gaba da yanka.

"Da farko na tsorata," in ji shi. "Na ce ko dai mutumin nan yana da gaskiya. Sai na ga kin ƙara masa nama."

"To ka ci. Ka je ka yi rawa."

Ya leƙa baranda, ya dawo da kai.

"Ki ce kin manta."

Na ajiye wuƙa, don ban yarda da kaina da ita a hannu ba. "Me ka ce?"

"An kwana biyu, ga aiki ya yi miki yawa. Ki ce zaren ya rikice miki. Sai mu ce gwajin ya lalace, a sake wani."

"Kai? Kai da tun ina yarinya in na ce za a yi ruwa sai ka ce ina hujja? Kai da ka kayar da ɗalibi don ya gyara lamba ɗaya a sakamakonsa? Shekara nawa kana zuwa gidan nan kana cinye mini shinkafa kana kiran mijina mai mafarki, yau da gaskiyar ta zo hannunka kake so in zuba ta a kwata?"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba. Kuma ɗakina fa?"

"Auta, in ya kashe abin nan, me zai tashi ya yi da safe?" Ya ɗauki ɓawon albasa yana murzawa. "Ni ma ran Asabar ban san inda zan je ba."

Wannan ta ƙarshen ba ni ya gaya wa ba, ɓawon ya gaya wa. Na ce ya fita mini daga kicin. Da ya fita na rasa wanda zan zaga a cikinsu, sai na zagi tukunya.

Duk makon ina juya maganar. "Na manta" ba ta taɓa kashe kowa ba. Malam zai yi faɗa, ya huce, ya wanke kwalabe ya sake sabon lale. Yaya zai samu Asabar ɗinsa. Ni in ci gaba da zama a lungun banɗaki, inda da ma na saba. Har na gwada faɗinta ina guga, ta fito sumul, abin da ya ba ni tsoro, don ban san na iya ba.

Da ranar ta zo, Malam ya sa kwat. Ya jera kujeru uku a ɗakin, ya ba ni ta tsakiya. Ya nuna layukan, ya yi bayani mai tsawo kamar ba mu ne muka wuni muna jin sa ba, sannan ya ce shi mai jan zare ya zaɓa. Yaya ya ce nasa ma'aunin ma haka ya nuna, ya faɗa yana kallon takalminsa.

"To, Maman 'yan biyu," in ji Malam. "Me ke cikin 'Yar Ja?"

Na buɗe baki, Yaya ya riga ni.

"In kin manta ba laifi, Auta. An daɗe."

Malam ya fashe da dariya. "Wannan? Farfesa, sai ka ce ba ƙanwarka ba. Wannan da har yau take tuna launin rigar da na sa ranar da na manta ta a tashar mota? Duk gidan nan ma'auni ɗaya ne ban taɓa shakkarsa ba, ga shi nan zaune." Ya juyo gare ni, fuskarsa a sake. "Faɗi."

Shi ke nan, ya rufe mini ƙofa. Na dube shi da kwat ɗinsa da girarsa da ta fara tsirowa, na ga in na yi masa ƙarya na mai da shi yaron da ake lallashi, ni kuwa ba yaro na aura ba.

"Ruwan banza ne," na ce. "Mai nauyin yana cikin baƙar."

"Tun farko?"

"Tun farko. Ban taɓa haɗa su ba."

Murmushin bai bar fuskarsa nan take ba, sai da ya ɗan jima. Ya juya ya dubi baƙar kwalbar, wadda layinta ke kwance tun ranar da aka kunna, ya yi ta kallonta.

Yaya ya yi gyaran murya. "Ai, Mai Kwalba, na taɓa karantawa wasu daga cikin mutanenku sun ce sun ga zafi ko da ruwa na kowa da kowa. Ƙila abin ya fi yadda muke zato faɗi. Ana iya dubawa."

Na juya na kalli Yaya baki buɗe.

"A'a," in ji Malam. "A gabanka na ce ruwan banza ba ya yi, a gabanta na faɗa. Ba zan canza doka don na sha kaye ba. In ruwan banza ya nuna zafi, to awon ne ke da zazzaɓi, nawa da naka. Ko wurin da kwalbar take zaune a bahon, ko waya, ko wani abin da ban gano ba." Ya dubi layukan. "Kuma in awon nan zai iya nuna zafi a ruwan banza, to wanda na riƙa gani duk shekarun nan..."

Bai ƙarasa ba, babu kuma wanda ya ƙarasa masa.

"Ban ce babu shi a duniya ba," ya ce can. "A ɗakin nan ne ban iya nuna shi ba."

Ya tashi, ya ɓalle maɓallin kwat ɗin, ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwa, ya zare fulogi daga soket. Kumfar ta ragu, ta ragu, ta tsaya. Ɗan gurnanin injin da ke juya ruwan bahon, wanda kunnena ya daina ji tun 'yan biyu suna firamare, shi ma ya ɗauke, gidan ya yi wani shiru mara daɗi. Yaya ya ce yana da wurin zuwa. Bai tsaya cin abinci ba, kuma duk mun san babu inda za shi.

Malam bai ja lokaci ba. Cikin 'yan kwanaki ya kwashe komai a kwali, ya share, ya goge, ya hau kujera ya sa sabon ƙwan lantarki. Shi da kansa ya turo kekena, ya tambaye ni ta wane gefe nake son haske ya faɗo. Ɗakin ya fi yadda na yi ta mafarki, har zare nake zurawa a allura ba tabarau.

Safiyar farko da na zauna a ciki, na ji takun silifas ɗinsa a baranda, a lokacin da ya saba, da saurin da ya saba. Takun ya zo bakin ƙofa ya tsaya. Na ɗauke ƙafa daga keken ina saurare. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ƙwanƙwasa.

"Shigo."

Kai kawai ya leƙo. Ya yi wanka, ya taje gemu, har da biro a aljihu.

"Ko kina son shayi?"

Tun da na aure shi bai taɓa dafa ko ruwa a kicin ba. Na ce ina so. Ina jin sa yana buɗe duk durowar da ke kicin yana rufewa. Ya kira ni ya tambayi inda sukari yake, ya sake kira ya tambayi inda cokali yake. Can ya kawo, riƙe da kofin da hannu biyu, ya ajiye a gefen keken, ya tsaya yana jira in ɗanɗana.

Shayin ko ɗumi bai yi ba, ga sukari kamar da gayya. Maganganu sun zo mini har baki, masu kyau kuwa. Na shanye shi tas, na miƙa masa kofin, na ce gobe ma ya kawo.